Umaru Ganda: tsohon soja, ɗan dako, gwanin silima

Duk wanda ya san birnin Yamai ya san gidan raya al'adu na CCOG, inda matasa ke taruwa don kallon wasanni da sauraron mawaƙa. Amma ba kowa ya san tarihin mutumin da aka sa wa gidan sunansa ba, wato marigayi Umaru Ganda.

An haife shi a Yamai cikin shekarar 1935. Bayan ya yi ƙaramar lakwal, yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa. Aka kai shi yaƙin Andoshin, can nahiyar Aziya, yaƙin da Faransa ta sha kashi a cikinsa a 1954. Da ya komo gida bai tarar da aiki ba. Kamar dubban samarin Nijar na wancan zamani, sai ya tafi ci-rani Abijan, ya zauna unguwar Tireshbil, yana dako a tashar jiragen ruwa.

A can ne ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ke bincike kan 'yan ci-rani. Rouch ya ɗauke shi aikin tambaye-tambaye, daga baya ya ba shi babban matsayi cikin fim ɗin "Moi, un Noir" na 1958. Abubuwa biyu da saurayin yake so sun bayyana a ciki, wato silima da damben zamani. Ya ari sunan Edward G. Robinson, ɗan wasan Amurka, har ya yi mafarkin ya kara da Hogan Bassey, zakaran damben duniya ɗan Najeriya. Kusa da ƙarshen fim ɗin, yana tafe bakin ruwa, ya ba da labarin yaƙi: yana faɗuwa ƙasa, yana tashi, yana kwatanta jifa da gurneti. Ba rubutu aka ba shi ya hardace ba, abin da idonsa ya gani ne.

Da ya dawo Yamai, ya kama aiki a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda ya koyi riƙon na'urar ɗaukar hoto. Fim ɗinsa na farko, "Cabascabo", da Zabarmanci ya yi shi, kuma an nuna shi a bikin silima na birnin Kan a 1969. Labarin wani soja ne da ya komo daga Andoshin da kuɗin sallama. Abokai da maroƙa da mata suka kewaye shi. Ranar da aljihu ya bushe, kowa ya watse. A ƙarshe ya juya wa birni baya, ya nufi karkara neman abinci da guminsa. Umaru da kansa ya fito a matsayin sojan, tare da Zalika Sule. Tsofaffin sojoji ba su bukaci fassara ba, domin ciwon da suka sani ne: tun dokar Faransa ta 1959 aka daskarar da fanshonsu, ba a fara daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa ba sai a 2007.

Umaru bai tsaya nan ba. "Le Wazzou polygame", labarin wani alhaji da ya aure yarinyar da aka yi wa wani saurayi alkawari, shi ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu cikin 1972. Bayansa "Saitane" ya tona asirin malaman tsibbu masu cin dukiyar jama'a, "L'Exilé" na 1980 kuwa ya yi magana kan nauyin alkawari.

Allah ya yi masa rasuwa ranar 1 ga Janairu 1981, yana da shekara 45. FESPACO ta sa sunansa ga kyautar da take bai wa gwani cikin masu fim ɗin farko. Sojoji da dama sun komo daga Andoshin suka mutu da labarinsu a ciki. Shi ya faɗi nasa da bakinsa, da harshensa, duniya ta ji. Allah shi jiƙan shi da rahama.