Dalar azurfa da launukanta

A kasuwannin Madawa, da Buza, da Keita, ba a cika yin ciniki da lissafin tamma ba. Da dala ake yi. Mai ƙosai takan ce dala biyar, tana nufin tamma 25. Mai albasa yakan ce dala ɗari, yana nufin tamma 500. Dala ɗari biyu kuwa ita ce jika ɗaya. Kowane yaro ya san wannan lissafi tun kafin a sa shi makaranta.

Amma ba kowa ya san asalin dala ba. A da can, dala wani babban kuɗi ne na azurfa, mai faɗi, mai nauyi, wanda ya kusa cika tafin hannun yaro. Har yanzu akwai irinta a wasu gidaje, cikin adudun tsofaffi ko a ƙasan akwati. Wata ta yi baƙi. Wata ta yi ruwan zuma. Wata kuma ta yi ja da shuɗi kamar bakan gizo. Wanda bai sani ba sai ya ce datti ne, ya nemi toka ya goge.

Daga ina sunan ya fito?

A ƙasar Turai akwai wani kwari mai suna Yowakimstal, wato kwarin Yowakim. Yau yana cikin ƙasar Cek. Wajen shekarar 1520 mutanen kwarin suna haƙo azurfa, suna buga manyan kuɗi da ita. Aka riƙa kiran kuɗin da sunan kwarin. Da sunan ya yi wa mutane tsawo, sai suka gajarta shi, suka ce tala. Daga tala aka samo sunan kuɗin Amurka. Daga nan kuma kalmar dala ta shigo Hausa. Wasu tsofaffi suna kiranta liyari, daga kalmar Larabci riyal.

Dalar da aka fi sani a ƙasar Hausa ita ce mai hoton wata sarauniya. Sunanta Mariya Tereza. Ta yi mulkin Ostiriya daga 1740 zuwa 1780. An fara buga kuɗin nan a 1741. A fuska ɗaya akwai hoton sarauniyar. A ɗaya fuskar akwai mikiya mai kai biyu. A gefe kuma an zagaye shi da rubutu, don kada ɓarawo ya kankare azurfar ba a gane ba. Nauyin dalar garam 28 ne. A ciki garam 23 da ɗan ƙari azurfa ce, sauran kuma jan ƙarfe ne. Faɗinta wajen santimita 4.

Sarauniya ta rasu a 1780, amma ba a daina buga kuɗinta ba. Fatake na ƙasashen Larabawa da na Afirka sun riga sun saba da shi, ba su yarda da wani ba. Saboda haka aka ci gaba da buga shi yadda yake, da hoton nan, da shekarar nan ta 1780. Daga baya an buga shi a Roma, da Landan, da Paris, da Bombai ta ƙasar Indiya. An buga fiye da miliyan 300. Ke nan, ganin 1780 a jikin dala ba ya nuna cewa a shekarar aka yi ta. Mai yiwuwa ne an yi ta shekara ɗari ko fiye bayan haka.

Yadda ta iso ƙasar Hausa

Jiragen ruwa ne ke kawo dala Tarabulus, a bakin teku. Daga can ayarin raƙuma ke ɗauko ta, su ratso hamada, su biyo ta Agadas, su sauka Katsina, da Kano, da Sakkwato. Abzinawan Kel Geres, waɗanda ke zaune a yankin Madawa, suna cikin masu kai da kawo tsakanin Abzin da ƙasar Hausa, da raƙumansu da gishirinsu.

A lokacin nan da wuri ake ciniki a kasuwa. Wuri ƙwanson wata ƴar dabbar teku ce, daga tsibiran Maldib ake kawo shi. Wuri yana da wuyar ƙirga, yana kuma da nauyi. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya je Kano a 1851. Ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa da wuri 2,500. Shi ya sa fatake suka so dala. Abin da za a ɗora wa jaki da wuri, da dala sai a ƙulle shi a bakin zane.

Da Faransawa suka kama ƙasa, wajen 1900, sai suka kawo nasu kuɗi. A ciki akwai wani na azurfa mai tamma 5, nauyinsa garam 25. Ya yi kama da tsohuwar dala, sai mutane suka ba shi sunanta. A 1945 aka fito da kuɗin Sefa. Azurfa ta bar kasuwa, amma suna ya zauna. Abin da ya sa ke nan har yau tamma 5 ita ce dala.

Dalolin azurfa da yawa sun ƙare a maƙera. Maƙeran fari sun narka su, sun yi zobba, da mundaye, da ƴan kunne, da abin wuyan nan masu sunayen garuruwa, kamar na Agadas, da na Tawa, da na Madawa. Wasu kuma an huda su ko an liƙa musu ƴar kafa, mata suna ratayawa a wuya.

Me ke sa azurfa ta sake launi?

Baƙin ƙarfe idan ya sha ruwa yakan yi tsatsa, tsatsar ta ci shi har ya ɓurme. Azurfa ba ta yin haka. Abokin faɗanta shi ne farar wuta. Akwai ɓurɓushin farar wuta cikin iska, ko da ido ba ya ganinsa. Akwai shi cikin ƙwai, da albasa, da roba, da hayaƙi. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ma daga gare shi yake.

Idan wannan iska ta taɓa azurfa, sai su haɗu, su yi wata ƴar fata a bisanta. Fatar siririya ce ƙwarai. Silin gashi ɗaya ya fi ta kauri sau ɗaruruwa. Kowace shekara tana ƙara kauri kaɗan kaɗan.

To, ina launin yake fitowa? Hasken rana fari ne a ido, amma launuka da yawa ne a haɗe. Su ne ake gani cikin bakan gizo da damina. Idan haske ya faɗa kan dala, wani sashe yakan dawo daga saman fatar. Wani sashe yakan ratsa ta, ya bugi azurfa, sannan ya dawo. Idan sassan biyu suka gamu, wasu launuka sukan ƙarfafa juna, wasu kuma su kashe juna. Wanda ya rage shi ido ke gani. Kaurin fatar ne ke zaɓen launi. Tana siririya, sai a ga rawaya. Ta ƙara kauri, sai a ga ja da shuni, sannan shuɗi, sannan kore. Idan ta yi kauri da yawa, haske ba ya iya ratsa ta, sai dala ta yi baƙi ƙirin.

Ana ganin irin wannan a tashar mota. Idan man mota ya ɗiga cikin ruwan da ya kwanta, sai launuka su bayyana a kansa. Haka ma a jikin kumfar sabulu.

Masu tara dala

A ƙasashe da yawa akwai mutane masu tara tsofaffin kuɗi. Ba don su kashe ba, sai don su adana, su san tarihinsu. Wasu daga cikinsu dala mai launi kawai suke nema.

A Amurka an buga wata dalar azurfa daga 1878 zuwa 1904, aka sake buga ta a 1921. Ana kiranta Morgan, da sunan wanda ya zana ta. An buga ta da yawa har ta fi ƙarfin kasuwa. Sai aka zuba ta cikin buhunan zane, dubu dubu, aka kulle a baitulmali shekaru masu yawa. Zanen buhunan yana da farar wuta. Da aka buɗe, sai aka tarar dalolin da ke jingine da zane sun yi launuka masu ban sha'awa. Na tsakiya kuwa suna nan fari fat. Masu tara kuɗi sukan sayi mai kyan launi da tsada, fiye da ƴar'uwarta fara.

Me ya sa? Domin babu dala biyu masu launi iri ɗaya, kuma shekaru ne suka yi aikin. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Akwai ƴan damfara masu gasa dala ko su shafa mata magani don ta yi launi cikin dare ɗaya. Masana sukan gane, ba sa kuma saye da daraja.

Yadda ake adana dala

Zoben da ake sawa kullum ana iya goge shi ya yi ƙyalli. Tsohuwar dala kuwa ba a goge ta. Toka da rairayi suna kankare launin, su tafi da azurfa, su bar zane a fuskarta. Abin da shekara hamsin ta yi, sai a ɓata shi cikin minti biyar, ba ya kuma dawowa yadda yake.

Idan za a ɗauki dala, a riƙe ta ta gefe, domin gumi yana barin shaidar yatsa. A naɗe ta cikin tsabtataccen farin ƙyalle, kowace ita kaɗai. A ajiye ta wuri busasshe, nesa da rumbun albasa, da murhu, da roba.

Akwai dalar jabu. Ta gaskiya ba ta kama mayen ƙarfe. Idan an ɗora ta a kan yatsa aka ɗan buga ta, takan yi ƙara mai zaƙi, mai tsawo. A kan ma'auni kuma takan kai garam 28, ko ta gaza kaɗan idan ta sha hannu.

Dalar Mariya Tereza tana da yawa a duniya, ba ta mai da mutum attajiri. Amma wadda ke gida ta ratso hamada, ta biya sadaki, ta kwana a wuyan kakanni. Idan an narka ta, an sami zobe, an rasa labari. Kafin a sayar ko a kai maƙera, ya kamata a tambayi tsofaffi: wa ya kawo ta, daga ina, a wane zamani? A rubuta amsar, a ajiye tare da ita.

Gwaji

A roƙi maƙeri ɗan guntun azurfa. Kada a yi da tsohuwar dala. A dafa ƙwai, a ɓare, a murmushe shi cikin kwalba tun yana da ɗumi. A sa azurfar a gefe, a rufe kwalbar sosai. A riƙa dubawa lokaci lokaci, ana rubuta launin da aka gani.

Tambayoyi

1. Daga ina kalmar dala ta samo asali?
2. Me ya sa 1780 ba ta nuna shekarun kowace dala?
3. Waɗanne abubuwa ne ke sa azurfa ta sake launi?
4. A Kano, a 1851, wuri nawa ake samu da dala 4?
5. Dala 10 na Mariya Tereza garam nawa ne?
6. Don me ba a goge tsohuwar dala da toka?