Ganin Gida: Abin da Lissafin Dalar Mazauna Ƙetare Bai Hango Ba a Tofa

Duk ƙarshen shekara jaridun Najeriya sukan cika da labarin 'yan ƙasar mazauna Ingila da Amurka da Kanada da ke tururuwa zuwa Legas domin shagulgulan watan Disamba, waɗanda matasan kudu suka laƙaba wa suna Detty December, kuma da wuya rahoto ya ƙare bai kawo alƙaluman Bankin Duniya ba, cewa kuɗin da mazauna ƙetare ke aikowa gida ya kai kusan dala biliyan 20 a shekara. Daga nan sai jami'ai, ciki har da na hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, wato NiDCOM, wadda Abike Dabiri-Erewa ke shugabanta tun 2019, su shiga bayyana zuwa gida a matsayin harkar yawon buɗe ido, ta otal da tikitin jirgi da wuraren kiɗa. Wannan fahimta ba ƙarya ba ce, sai dai ta gaza ƙwarai, domin ta ɗauki al'adar rukuni guda na matafiya ta mayar da ita ma'aunin kowa, ta bar Hausawa, waɗanda suka shafe ƙarnoni suna fita suna dawowa, kamar babu su a lissafi.

Ƙaramar hukumar Tofa, da ke yamma da birnin Kano, ta isa misali. Mutanenta ba su cika dubu ɗari ba a ƙidayar 2006, amma garuruwanta irin su Lambu da Langel da Doka da Janguza suna cikin yankin nan mai cunkoson manoma da ya kewaye Kano, wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun shekarun 1960, inda ake nome gona guda kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da sharar birni da a da jakuna ke ɗebowa. A irin wannan ƙasa, duk lokacin da magidanci ya rasu aka raba gado, gonar da ta ciyar da gida guda sai ta koma 'yan fegi-fegi da ba za su ciyar da kowa ba, don haka tilas wasu daga cikin 'ya'ya su fita nema. Mafi sauƙin fitar ita ce cin rani, wato tafiyar da ake yi bayan girbi a dawo kafin shuka, amma wani yakan zarce, rani ya zama shekara, shekara ta zama goma.

Wannan zarcewa tana da tarihin da ba a cika koyar da shi a makaranta ba. Littafin Tarihin Kano ya danganta buɗe hanyar Gwanja da zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, kuma daga baya fataken goro, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suka mayar da ita babbar hanyar arziki. Ayari yakan tashi a ƙarƙashin madugu, wato shugaban tafiya, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni kafin ya isa Salaga a arewacin Gana ta yau, sannan ya juyo da goro, ta yadda zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. Waɗanda suka yada zango suka ƙi tashi su ne suka kafa unguwannin da har gobe ake kira zango a Kumasi da Akara. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, ta wannan hanya ya fara tara abin hannunsa kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe. Zaman Hausawa a Gana bai kasance lami lafiya kullum ba: a watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, iyalai da dama suka dawo garuruwan da 'ya'yansu ba su taɓa gani ba.

Hanyar gabas ta fi wannan tsawo, ta kuma fi ta cin mutane. Bayan da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har bakin kogin Nilu a Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu. A bayansu kuma maniyyata suka riƙa bin ƙasa ta Barno da Chadi da Darfur, suna tsayawa aikin auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe a 1925, domin tara guzuri, har hajji guda ya riƙa cin shekaru, wasu ma suka mutu suna cewa a kan hanya suke. Jikokinsu ne Hausawan Sudan na yau, da kuma wani kaso na waɗanda ake kira Takari a Makka da Madina da Jidda. Abin takaici ne cewa sai da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, aka shiga kwaso ɗalibai ta Masar, sannan mutane da yawa a nan gida suka tuna da Hausawan Sudan.

Mai irin wannan tarihi, zuwansa gida ba hutu ba ne, kuma watan Disamba bai dame shi ba. Lokacinsa shi ne ƙaramar salla da babbar salla, da kaka in amfanin gona ya shigo, da bikin aurar da ƙanwa, da kuma rasuwa, wadda ba ta sallama. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ake sa wa aiki tun daga ranar farko. Da zarar an ji ya sauka, za a shimfiɗa tabarmi a zaure, maƙwabta su yi ta shigowa da "An zo lafiya?" da "Yaya mutanen can?", shi kuwa kafin ya warware gajiya sai ya fara zagayen ta'aziyya, gida-gida, na duk wanda ya rasu ba ya nan, ko da an shekara uku da yin rasuwar, ya durƙusa gaban Gwaggo da Kawu ya karɓi addu'a haɗe da ƙorafin daɗewa, ya gaida dagaci da limami, ya ziyarci maƙabarta. Da dare za a buɗe akwati a ɗakin mahaifiya, a kasa tsaraba kashi-kashi a kan darduma: dabino, ruwan zamzam a 'yan ƙananan robobi, carbi, turare, jallabiya, abaya. Uwa ce ta san wa ya kamata a ba me, kuma kuskure guda a wannan rabo, a ce an manta da matar wa ko an fifita wani ɗaki a kan wani, yana iya haifar da gabar da za ta daɗe bayan baƙon ya koma.

Sannan sai maganar da kowa ke kauce wa sai kwana ya ƙare, wato gona da gini. Mafi yawan masu fita sukan bar rabonsu a hannun wa ko ƙane a matsayin aro, wani kuma ya jinginar da shi, wato ya karɓi kuɗi ya ba da gonar a riƙe har ya biya, domin haɗa kuɗin biza. Yau da birnin Kano ke miƙewa ta titin Gwarzo, gonakin gero a wajajen Janguza da Langel na komawa fuloti, darajar fegin da aka raina jiya ta tashi, rigimar gado ta tashi tare da ita. Ba baƙon abu ba ne mutum ya yi shekaru yana aiko da kuɗin siminti, ya zo ya tarar ginin ya tsaya a linta, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki, a ce masa "Yaya, ka san halin da ake ciki," shi kuma kunya ta hana shi neman lissafi. Wannan kunya ta cuci mutane da yawa, kuma malamai da ke wa'azin haƙƙin dangi a kan matafiyi ya kamata su riƙa faɗin haƙƙin matafiyi a kan dangi da irin wannan murya.

Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa ko kaɗan, ba don sun yar da gida ba. A Saudiyya, wanda ke da igama, wato takardar izinin zama, yana iya neman izinin fita da komawa ya zo ya ga iyayensa. Wanda ya shiga da bizar umara ya ƙi fita ba shi da wannan dama, domin ranar da ya doshi filin jirgi ranar ce zamansa ya ƙare, galibi ta hanyar sansanin Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, tare da haramcin komawa. Irin waɗannan sukan ga jana'izar iyayensu a waya ta WhatsApp. Kuɗinsu ma ba ya bin banki: ana miƙa riyal ga wani amintacce a can, dangi su karɓi naira a Wapa da ke Fagge ko a hannun wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, don haka shirye-shirye irin na Babban Bankin Najeriya na 2021, da ya riƙa ƙara naira biyar a kan kowace dalar da aka aiko ta hanyar hukuma, sun wuce su ta sama.

Batun ɗan gajeren hutu kuwa, yana da wuri ga masu hali, musamman likitoci da malaman jami'a da ke zuwa da yaran da aka haifa a waje, waɗanda bayan mako guda na gaishe-gaishe suke neman inda za su sha iska. Zaɓin bai taka kara ya karya ba: Dutsen Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, ko doguwar tafiya zuwa Yankari a Bauchi. Otal ɗin Bagauda, da a da ake zuwa hutun ƙarshen mako, tuni ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Hawan salla na Kano, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024, shi ne abin da ya fi jan mutane gida, amma rikicin masarautar Kano ya sa an yi ta dakatar da shi, wanda ya sayi tikiti domin Hawan Daushe ya koma bai ga doki ba. Ba mamaki wasu sun gwammace su haɗu da iyayensu a umara.

Gwamnatin jihar Kano ba ta da uzurin ci gaba da kallon wannan al'amari daga nesa. Dagatai da masu unguwanni a Tofa sun san gidan da ke da ɗa a Jidda ko Kumasi ko Agadas, kuma tattara wannan sani a rubuce bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ofishin jakadancin Najeriya a Jidda yana da aikin sauƙaƙa fasfo da takardar dawowa ga marasa igama, NiDCOM kuma ta riƙa yin bayananta da Hausa, ta kai taronta Kano da Kumasi kamar yadda take kai shi Landan. Dangin da ke gida su rubuta yarjejeniyar aron gona da kuɗin gini a gaban shaidu tun kafin mai tafiya ya hau mota, kuma in ya dawo ganin gida a bar shi ya kwana biyu kafin a kawo masa takardar asibiti da kuɗin makaranta.