Makaho a littafi da fim: har yaushe zai zauna da ƙoƙon bara?

Duk mai bin fina-finan Hausa da ake kallo a gidajenmu na Elig-Edzoa da Briqueterie ya san yadda makaho ke fitowa. Ko dai ga shi da ɗan jagora yana bara, ko kuma a sa shi ya yi tuntuɓe ya faɗa kwata don 'yan kallo su yi dariya. Da wuya ka ga an ba shi matsayin malami, ko ɗan kasuwa, ko mijin da ke ciyar da gidansa. Hatta karin maganarmu ba ta ƙyale shi ba, tunda mukan ce makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi.

Wani zai ce ai wasa ne kawai. To amma yaron da ya taso yana ganin haka, ran da aka haifa masa ƙane marar gani, me kake tsammani zai zaɓa masa, makaranta ko bakin masallacin Juma'a?

Akwai marubutan da suka kalli lamarin da idon basira. Aminata Sow Fall, 'yar Senegal, ta fitar da littafinta La Grève des bàttu a 1979, kuma Cheick Oumar Sissoko na Mali ya mai da shi fim a 2000. A cikin labarin, wani babban jami'i, Mour Ndiaye, ya sa an kori mabarata daga titunan birni. Daga baya malaminsa ya ce ba zai samu muƙamin da yake nema ba sai ya raba sadaka ga mabarata a kan titi. Su kuwa suka ƙi fitowa, kuma cikin jagororinsu har da makaho, Nguirane Sarr. Littafin ya tona mana asiri: sau da yawa muna son makaho ya zauna a bakin hanya saboda buƙatarmu ta ba da sadaka, ba mu damu da ci gabansa ba.

A fim ɗin Iran mai suna Rang-e Khoda na 1999, wanda Majid Majidi ya shirya, yaron makaho ne mai ƙoƙari a karatun Braille, amma uban kunyarsa yake ji, yana neman inda zai kai shi don kada ya hana shi sake aure. Mu malamai mun san wannan kunyar. Ita ce ke sa a ɓoye yaro a ɗaki, a ce ai ba shi da rabon boko.

Tarihinmu kuwa ya ƙaryata wannan tunani. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma shi ya tsara waƙoƙin Imfiraji da har yau ake rerawa a ƙasar Hausa, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Abin mamaki, waƙoƙin nasa ne makafi da yawa ke bara da su. A Masar, Taha Hussein ya makance tun yana ƙarami, ya ba da labarin rayuwarsa a Al-Ayyam, kuma a 1950 ya zama ministan ilimi. Nan gida Kamaru ga André-Marie Tala, ɗan Bandjoun da aka haifa a 1950, wanda ya kai ƙarar James Brown na Amurka kan satar waƙarsa Hot Koki, ya kuma yi nasara. Kada mu manta da Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda Suratu Abasa ta sauka a kansa. Ladanin Manzon Allah (SAW) ne, kuma an sha bar masa jagorancin salla a Madina.

Hanyar gyara ba ta da nisa da mu. A nan Yaounde akwai PROMHANDICAM a unguwar Mimboman, wadda aka kafa a 1975, tana koyar da makafi tare da masu gani. Akwai ƙungiyar CJARC a Ekié, wadda matasa makafi suka kafa da kansu, cikinsu har da Coco Bertin. A wuraren nan yaro zai koyi Braille, rubutun da aka gina kan ɗigo 6 da ake shafawa da yatsa, da tafiya da farar sanda ba tare da jagora ba. Dokar ƙasa mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 ta tanadi sauƙaƙe ko yafe kuɗin makaranta ga yara masu naƙasa.

Akwai kuma yaro na biyu da ake mantawa da shi, wato ɗan jagora. Duk makahon da aka bari da bara, akwai yaro mai gani da aka cire daga aji don ya riƙe masa sanda. Asarar ta zama biyu ke nan.

Saboda haka kira na farko ga marubuta da masu shirya fim: ku ba makaho sana'a da iyali da murya a labaranku, ku tuntuɓi makafin kafin ku rubuta. Na biyu ga iyaye da limamai da masu unguwa: in akwai yaro marar gani a layinku, a tambayi wace makaranta yake zuwa. Masu hali kuma su sani kuɗin mota zuwa Mimboman ko Ekié shi ma sadaka ne, kuma mai gudana. Allah Ya sa mu gyara.