Babban rim ko taya mai kauri: wanne ya dace da hanyoyin Diffa?

Duk wanda ya sayi Hilux a Diffa, ba ya daɗewa sai abokai sun fara zuga shi ya sauya ƙafafun motar. Wasu su ce ya sa rim mai inci 20, mai ƙyalli, da siririyar taya. Wasu su ce ya bar rim ɗin, wanda direbobi a nan ke kira jant, a inci 16 ko 17, ya nemi taya mai kaurin gefe. Kowa da hujjarsa, amma hujjojin ba nauyinsu ɗaya ba.

Lambobin jikin taya su ne mafarin zancen. Idan ka ga 265/65 R17, faɗin tayar milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato kimanin milimita 172, rim ɗin kuma inci 17. Mai son inci 20 a wannan mota sai ya sa 265/50 R20 domin tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya inda yake: ta farko milimita 776, ta biyu 773. Ke nan motar ba ta ƙara tsayi ba ko kaɗan. Santimita huɗu na roba da iska aka cire daga gefen taya, aka cike gurbin da ƙarfe.

Babban rim yana da nasa amfanin. A kan kwalta mai kyau sitiyari ya fi jin magana, mota ba ta yawan lilo a kwana, kuma akwai sararin sa babban birki. Kyau kuwa ba a magana. Ranar ɗaurin aure irin wannan motar za a ba amarya.

To amma ina kwaltar? Hanya ɗaya ce babba, RN1, wadda ta biyo ta Damagaram, Gure, Gudumariya da Maine-Soroa, ta ratsa Diffa ta wuce Ngigmi, ga manyan motoci suna taka ta dare da rana. Da ka sauka daga kanta ka nufi Boso ko Baruwa, ko gonakin tattasai na bakin Komadugu, sai rairayi da rani, laka da damina. A nan santimita huɗun nan suke nuna aikinsu. Idan ƙafa ta faɗa rami, taya mai kauri ce ke shanye dukan. Siririya kuwa sai ta matse tsakanin bakin rami da rim, gefenta ya yi ƙululu, ko rim ɗin ya tsage. Rim na ƙarfe in ya lanƙwashe mai faci zai buga shi da guduma ka ci gaba da tafiya, na alminiyom in ya tsage sai dai ka jira a kawo maka wani.

Dabarar rairayi ma haka. Direbobin da ke shiga arewa wajen Ngurti sun san in mota ta fara nutsewa sai a rage iska, tayar ta baje ta hau kan yashi. Taya mai kaurin gefe tana da inda za ta lotsa. Wadda gefenta bai kai tafin hannu ba, kana rage mata iska rim ya kusa taɓa ƙasa, ko ta zame daga bakinsa. Shi ya sa tsofaffin Land Cruiser na ɗaukar kaya suka daɗe a kan 7.50 R16, siririya a faɗi amma doguwa a gefe, wadda ko a laka takan yanka ta sami ƙasa mai tauri.

Sai maganar lodi, wadda masu ado ba su cika dubawa ba. Lokacin da aka hana hawa babur a yankin bayan hare-haren Fabrairun 2015, ɗawainiyar mutane da kaya ta ƙaru a kan motoci. Bayan lambar girma akwai wata ƙaramar lamba: 112 na nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, 107 kuma kilo 975. Yawancin siraran tayoyi lambarsu ƙasa take. Ka loda buhunan tattasai a kansu cikin zafin Afrilu da ya haura digiri 40, ka san abin da kake nema.

Masu son kauri su ma suna wuce gona da iri. Wanda ya cire 265/65 R17 ya sa 285/75 R16 ya ƙara tsayin ƙafa da fiye da kashi 7 cikin ɗari. Agogo zai nuna masa 100 alhali yana gudun 107, mota ta rage ƙarfin tashi, ta ƙara shan mai, tayar kuma ta riƙa gogar jiki a kwana. Masu sana'ar taya suna cewa kada bambancin ya wuce kashi 3. Kuma kafin ka biya kuɗin rim, ƙirga ramukan noti: Hilux mai shiga daji shida gare ta.

Idan motarka daga gida sai ofis sai kasuwar Diffa, sa inci 20 ka more kuɗinka. Idan kuwa tana zuwa gona ko tana ɗaukar fasinja zuwa ƙauyukan bakin kogi, tsaya a 16 ko 17, kuɗin rim ɗin ka sayi safaya ta biyu da famfon iska.