Idan Uwar Taro Ta Daina Ɗaga Waya: Nazari Kan Tallan Cikin Gida a Bici

A 'yan shekarun nan wata hanyar ciniki ta fara samun gindin zama a tsakanin matan Bici da ƙauyukan da ke kewaye da ita, irin su Badume da Saye da Danzabuwa. Mai kaya, wadda galibi daga Kano take sarowa ko kuma wakiliyar wani kamfani ce mai sayarwa hannu da hannu, takan nemi matar aure mai jama'a ta ce mata: "Hajiya, don Allah ki tara min ƙawayenki da maƙwabta ranar Asabar bayan la'asar, in zo in baje kaya." Kayan kuwa su ne atamfa da leshi na Kantin Kwari, kuloli da kwanukan jere, turaren wuta da humra, mayukan shafawa, sabulai, da magungunan da ake cewa na ƙarin lafiya ne. Ita matar gidan, wato uwar taro, ana yi mata alƙawarin wata 'yar kyauta, ko ragi a kan abin da ta saya.

Kukan da masu wannan sana'a suka fi yi yanzu iri ɗaya ne. Uwar taro ta amsa da fara'a, ta ce "Allah Ya kai mu." Kwana uku kafin ranar sai waya ta yi ta ƙara ba a ɗagawa. A tura saƙo, ba amsa. A aiki yaro, a ce tana barci ko ta je unguwa. Mai kaya ta rasa tudun dafawa: ta ɗauko kaya ta taho, ko ta zauna? Da yawa cikinsu sun yanke hukunci cewa rashin cika alƙawari ne ya yi wa mutane katutu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma ni a ganina ba a nan gizo yake saƙar ba. Shirun yana da dalilai, kuma mafi girmansu yana cikin tsarin cinikin kansa.

Shi wannan salo na tara mata a gida ɗaya domin talla, daga Amurka ya samo asali. A farkon shekarun 1950 wata mata mai suna Brownie Wise ta mayar da shi ginshiƙin cinikin kamfanin Tupperware mai yin robobin ajiye abinci, har a 1951 kamfanin ya janye kayansa daga kantuna ya dogara da tarukan gida kaɗai. Kamfanoni masu sayarwa ta hanyar wakilai, irin su Forever Living da Longrich da Oriflame da suke aiki a Najeriya, sun sa mutanenmu sun saba da tallan baki da baki, kuma masu kayan Kwari da na kicin suka ari salon taron suka yafa. Sai dai an gina shi ne a kan matar da ke da falonta ita kaɗai, take gayyatar wanda ta ga dama, kuma in ba ta so ta ce ba ta so ba tare da an ga baƙinta ba. Ko a can ɗin ma zamaninsa ya ja baya, domin a watan Satumba na 2024 Tupperware ya shigar da takardun fatara a kotu.

Mu kuwa muna da tamu tsohuwar hanya. Polly Hill, baturiyar Ingila da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, sannan a Dorayi ta Kano a farkon shekarun 1970, ta nuna irin ɗimbin cinikin da matan kulle suke yi daga cikin ɗakunansu ba tare da sun taka kasuwa ba. Wata mai binciken, Enid Schildkrout, ta nuna yadda yara 'yan talla suke zama ƙafafun wannan ciniki a birnin Kano. Sannan ga dillaliya, wadda take shiga gida gida da ƙunshinta, ta zauna da mace ɗaya a ɗaka, a yi ciniki cikin sirri, a biya kaɗan kaɗan. Abin lura a wannan tsohon tsari shi ne babu wata mace ta uku da ake ɗora wa nauyi. Dillaliya ita ke yawo, ita ke bin bashinta, ita ke cin la'adarta. Sabon salon ya ɗauke wani ɓangare na wahalar dillaliya ya aza a kan uwar taro, amma bai ba ta la'adar dillaliya ba.

A duba abin da ake nema daga gare ta. Za ta nemi izinin maigida, wanda wataƙila ba ya son a mayar masa da gida kasuwa. A ƙasar Bici, inda gonaki suke manne da juna kuma gidaje da yawa na gandu ne, tsakar gida ba ta mace ɗaya ba ce: akwai uwar miji, akwai abokiyar zama, akwai matan ƙannen miji. Kowacce tana da ta cewa idan baƙi suka cika gidan. Za ta share, ta shimfiɗa tabarmi, ta tanadi ko da zoɓo ne da cincin, domin ba a tara mutane a sallame su baki a bushe. Wannan kuɗi daga aljihunta zai fito. Kuma duk waɗannan ƙanana ne idan aka kwatanta da babban abin da take sawa a faifai, wato mutuncinta. Matan da suka zo, don ita suka zo. Idan atamfar ta zuba a wankin farko, ita za a kalla. Idan man ya ɓata wa wata fuska, ƙofarta za a ƙwanƙwasa. Idan maƙwabciya ta ɗauki kula bashi ta kasa biya, mai kaya ba ta san gidan maƙwabciyar ba, gidan uwar taro ta sani, sai ta wayi gari ta zama mai lamuni ba tare da an taɓa tambayarta ba. Akwai kuma wani nauyi da ba a faɗa: duk wadda ta amsa gayyata tana jin kunyar tashi hannu rabbana, ita kuma uwar taro ta san ta jefa ƙawayenta cikin wannan kunya a lokacin da wasunsu ba su da na cefane.

To, me ya sa ta amsa tun farko? Domin a tarbiyyarmu, ce wa mutum a'a ido da ido abu ne mai nauyi, balle idan mai roƙon 'yar uwa ce, ko ƙawar makaranta, ko abokiyar karatu a Islamiyya. "Sai na yi shawara," "bari mu gani," "in Allah Ya yarda," duk kalamai ne da mai hankali yake auna nauyinsu kafin ya ɗauke su a matsayin alƙawari. Dillaliyar da ta tsufa a sana'a tana gane bambancin amsar da ta fito daga zuci da wadda kunya ta tatso. Yarinyar da aka koya wa talla a ɗakin taro a Kano, aka ce mata kada ta taɓa karɓar a'a, ba ta da wannan kunne. Tana matsawa har sai an ce to, ta rubuta rana a littafinta, ta tafi da murna. Daga nan uwar taro ba ta da wata ƙofar fita da ba za ta zubar mata da girma ba, illa ta yi shiru. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, kuma a mafi yawan lokuta abin da wannan shirun yake cewa shi ne: ba zan iya ba, kuma ina jin nauyinki.

Halin rayuwa ya ƙara wa lamarin zafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, kuɗin mota da na masarufi suka yi tashin gwauron zabo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa hauhawar farashi ta watan Disamba 2024 a kashi 34.8 cikin ɗari. Macen da a da take ware wani abu daga kuɗin adashi domin kayan ɗakin 'yarta, yanzu awo ya cinye shi. Uwar taro ta fi kowa sanin aljihun unguwarsu. Sau da yawa takan fara gayyata da gaske, ta ji amsoshi sanyi sanyi, ta hango taron da mutum uku za su zo ba wadda za ta saya, ta ga gara a fasa da a ji kunya a gaban baƙuwa.

Lokaci ma yana da tasiri, kuma masu zuwa daga birni sukan manta da shi. Kuɗin karkara yana bin gona. Da damina duk abin da ke hannu ya tafi taki da iri da 'yan ƙwadago, mata kuma suna fama da girkin masu noma. Sai kaka ta yi, an girbe gero da dawa da gyaɗa, sannan hannu yake sakewa, bukukuwa su kankama. Wadda ta sa ranar taro a tsakiyar watan Agusta ta gayyato wa kanta shiru tun kafin ta buga waya.

Wani lokacin kuma ba a ƙi ɗagawa ba ne, wayar ce ba ta hannu. Akwai matan da wayar maigida suke amfani da ita, akwai waɗanda tasu take wuni a shagon caji. A Oktoba 2024 yawancin Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. A shekarar ce kuma aka rufe layuka masu yawa saboda ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ba, sannan a Janairu 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ga kuma tabon da tsare-tsaren damfarar zuba kuɗi irin su MMM, da ya durƙushe a ƙarshen 2016, suka bari a zukata. Magidanta da yawa da zarar sun ji ana maganar "ki kawo mutum biyu ki samu kaso," sai su ce ba a gidansu ba, ko da kayan na halal ne kuma cinikin na gaskiya ne.

Fahimtar dalili ba ta share asarar da ake yi. Mai kaya sau tari ba mai ƙarfi ba ce. Bazawara ce mai riƙe da marayu, ko ɗalibar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bici mai neman kuɗin makaranta, ko matar ƙaramin ma'aikaci. Kayan da ta ɗauko wataƙila amana ce daga wani ɗan kasuwa a Kwari wanda yake jiran kuɗinsa ƙarshen mako. Ta biya mota daga Kano, ta biya babur zuwa ƙauye, ta iske ƙofa a rufe. Idan kayan shafa ne ko na sha, kwanansu yana ƙarewa a jaka. Idan wakiliyar kamfani ce mai neman cika adadin wata, tana iya sayen kayan da kuɗinta don kada matsayinta ya faɗi, ta tara abin da ba ta da mai saye. Uwar taron da ta yi shiru don gudun kunyar minti biyu ta jawo wa 'yar uwarta asarar mako guda, kuma wannan zalunci ne ko da ba da niyya aka yi shi ba.

Asarar da ta fi damuna ita ce ta zumunci. Ciniki ne da ake ginawa a kan dangi da ƙawaye, don haka idan ya rushe a kansu yake rushewa. Mata biyu da suka tashi tare sai su koma gaisuwar nesa a gidan suna, wannan tana ganin an wulaƙanta ta, waccan tana ganin an takura mata. Masu kaya da yawa sun gaji sun koma saka hotuna a WhatsApp da Facebook, a turo kuɗi ta asusu, a aika kaya a motar haya. Wannan ya rage wahala, amma ya bar macen ƙauye mai ƙaramar waya a baya, ita da ta fi kowa bukatar a kawo mata kaya har gida ta taɓa da hannunta. Ina kuma tsoron kada giɓin ya koma kan 'yan mata ƙanana, a ɗora musu tallan da manya suka kasa daidaitawa a tsakaninsu, a lokacin da ya kamata suna aji.

Gyaran yana hannun mai kaya fiye da kowa, domin ita ce mai sana'a. Tun ranar farko ta buɗe wa uwar taro ƙofar fita: "Yaya, ki yi shawara da maigida, in bai yiwu ba wallahi ba komai, ki aiko min ko da yaro ne kafin Laraba." Macen da ta san a'a ɗinta ba zai ɓata zumunci ba, ba ta da dalilin ɓuya. A faɗi la'ada a fili, kaza a kan kowane turmi, maimakon kyautar da ba a san girmanta ba. Mai kaya ta ɗauki nauyin abin sha, ta kuma furta a gaban kowa cewa bashi tsakaninta ne da mai ɗauka, babu ruwan matar gida. Abin sha ko na shafawa ya kasance da lambar NAFDAC. Kada ta saro kaya sai magana ta tabbata. Idan ta kira sau biyu ta aika sau ɗaya ba amsa, ta ɗauka an fasa, ta tura gaisuwa mai daɗi ba tare da gori ba, ta nemi wani gidan ko ta koma shiga ɗaka ɗaka irin na dillalan da. Yawan kira ba ya mayar da taron da ya mutu, sai dai ya kashe hulɗar da za ta yi amfani bayan kaka.

Ke kuma da aka roƙa ki tara mata, alƙawari kaya ne, kuma wadda ta roƙe ki ta dogara da kalmarki ta ci bashi. Idan kin ga ba zai yiwu ba, ki faɗa mata da wuri, ko ta bakin wata ne, tun kafin ta biya kuɗin mota.