Magidanta da Tubalin Wasan Yara



Wani zai ga kamar raini ne a kawo zancen tubalin roba na wasan yara, wanda ake kira LEGO, a zauren jami'a. To, ba yaran za mu duba ba. Zancenmu na magidanta ne, injiniyoyi da lauyoyi da malaman makaranta a Turai da Amurka da Asiya, waɗanda in sun taso daga aiki sai su zauna su harhaɗa tubalan nan, su gina birane da jiragen ƙasa da siffofi na ƙirar kansu, sa'an nan su kai dandali jama'a su gani. Akwai wata magana a ƙarƙashin wannan wasa da ta cancanci a tsaya a kanta, watau tsakanin mai yin tubali da mai gini, wa ke da iko da abin da aka gina?

Asalin abin daga Billund ne, wani ɗan gari a ƙasar Danmak, inda wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932. Tubalin roba ya zo a 1949, an kuwa kwaikwayo shi ne daga ƙirar wani Bature na Ingila, Hilary Page. Na farkon nan ba su da riƙo sosai. Sai a 1958 ɗan kafintan, Godtfred, ya yi rajistar dabarar da ta gyara abin: a bisa tubali akwai 'yan maɓallai, a cikinsa kuma akwai bututu, in an danna wani kan wani sai maɓallan su maƙale tsakanin bututun da bango. Daga ran nan ba a sāke awon ba. Tubalin 1958 yana kama wanda aka yi bana.

Wannan awo shi ne ginshiƙin sana'ar duka, don haka bari in daɗe a kansa kaɗan. Daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Tsayin tubali milimita 9.6, akwai kuma siririn falle mai kashi ɗaya cikin uku na wannan, watau 3.2. Ku lura, falle 5 in an jera su bisa juna sun ba da milimita 16, daidai da faɗin maɓalli 2. Ma'anar wannan ita ce magini yana iya kwantar da gini a gefensa, ya cusa shi cikin bangon da ke tsaye, ya zauna daram ba giɓi. Da wannan ɗan lissafi ne manya ke fitar da bango mai sulɓi, da rubutu, da baka irin ta soro, abin da yaro mai ɗora tubali kan tubali ba ya kai wa gare shi. Yawan hanyoyin kuwa ya wuce tsammani. A 2004 wani masanin lissafi na Jami'ar Kopanhagan, Søren Eilers, ya ƙididdige cewa tubali 6 kacal masu launi ɗaya, kowanne mai maɓalli 8, ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765.

Da yawa daga maginan nan sun yi wasan suna yara, suka bar shi da ƙuruciya ta wuce, suka komo bayan sun yi iyali. Shekarun da suka yi ba su taɓa tubali ba, cikin raha sukan kira su zamanin duhu. Da can kowa a ɓoye yake abinsa don gudun dariyar maƙwabta, har intanet ta zo suka gane ba su kaɗai ba ne. A 1995 wani mutumin Ostiraliya, James Jessiman, ya fito da LDraw, manhajar zana gini a kwamfuta kafin a sayi ko tubali ɗaya. A 2000 Dan Jezek ya buɗe kasuwar da daga baya aka sani da BrickLink, inda mutum zai sayi irin tubalin da yake bukata, ɗaya ko dubu, daga hannun wasu masu sha'awa. Ba don wannan kasuwa ba, mai son ginin gidan sarki da jan tubali zalla sai ya sayi akwati ɗari ya tsince.

A wurin nuni, irin Brickworld da aka fara a Shikago a 2007, nan ake ganin amfanin awo ɗaya. Ƙungiya takan yanke tun da wuri cewa kowa zai yi gini a kan faranti mai maɓalli 32 kowace kusurwa, titi zai bi ta nan, layin dogo ta can. Mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba sai su zo da nasu a bayan mota, a jera, gari guda ya tashi kafin azahar, jirgin ƙasa yana zagayawa. Ma'aikacin da ya taɓa fama da ofisoshi biyu masu takardu iri dabam-dabam zai gane darajar wannan. Kwana biyu ko uku, a wargaza, kowa ya kwashe nasa.

Shi kamfani fa? Da fari bai ɗauke su bakin kome ba, kasuwarsa yara ce. A 1998 ya fitar da Mindstorms, tubali mai ƙaramar kwamfuta a ciki, ba a daɗe ba wani ɗalibin Jami'ar Stanford ya tone yadda take aiki ya baza wa duniya. Kamfani ya auna kai ƙara, ya ga barin su ya fi riba, ya ƙyale. Da ya faɗa cikin babbar hasara a 2003 da 2004, sabon shugabansa Jørgen Vig Knudstorp ya matso da su kusa. Aka ɗauki wasu aiki, irin Jamie Berard wanda ya tsara Café Corner na 2007. Daga 2014 kuma, a ƙarƙashin LEGO Ideas, wanda ƙirarsa ta sami goyon bayan mutum 10,000 kamfani yakan duba ta, in ya sayar da ita ya ba shi kashi 1 cikin 100 na cinikin. A ganina rabon nan bai taka kara ya karya ba, in an tuna cewa mai ƙirar ya kawo dabara, ya kuma kawo masu saye tun kafin a buga akwati. A 2019 kamfani ya saye BrickLink ɗin ma, kasuwar da maginan suka kafa da kansu ta koma hannun mai tubali.

Inda maganar iko ta fito fili shi ne a 2015. Ai Weiwei, mai fasaha ɗan ƙasar Sin, wanda a 2014 ya shimfiɗa hotunan fursunonin siyasa da 'yan gudun hijira 176 da tubalan nan a tsohon kurkukun Alcatraz, ya nemi sayen tubali mai yawa don wani nuni a Melbourne. Kamfani ya ƙi, don ba ya son a sa hajarsa cikin siyasa. Sai jama'a a birane da dama suka riƙa kawo nasu kyauta suna zubawa cikin motocin da aka ajiye domin haka. A Janairun 2016 kamfani ya janye, ya ce ba zai ƙara tambayar mai saye abin da zai gina ba, sai dai mai nuni ya bayyana cewa ba da yawun kamfani ya yi ba.

Akwai wanda aikinsa ya taɓo yankinmu. Ekow Nimako, ɗan Kanada wanda iyayensa mutanen Gana ne, baƙin tubali yake gini da shi. A 2019 ya nuna wani birni a gidan tarihi na Aga Khan da ke Toronto, mai tubali wajen 100,000, ya sa masa suna Kumbi Saleh 3020 CE. Kumbi Saleh, kamar yadda ɗaliban tarihi suka sani, shi ne garin da ake kyautata zaton fadar tsohuwar daular Gana ce, kufansa na kudancin Muritaniya. Nimako bai gina kufan ba. Ya gina garin ne yadda yake hasashen zai kasance shekara dubu nan gaba, da hasumiyoyi da ganuwa, duk da tubalin da aka zuba don 'ya'yan Turawa su gina gidan gona da motar kashe gobara.

Malam Shugaba, a nan zan dakata domin masu tambaya.