Jita Ɗaya, Murya Biyu: Gwajin Fedar Oktef Mai Araha

[Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa]

MAI GABATARWA: Wannan shirinmu ne na musamman kan kayan kiɗa. Yau ba mu zo da sabon faifai ba, ba kuma hira za mu yi da wani mawaƙi ba. Wani ɗan akwati ne a gabana, mai maɓallan murɗawa uku da wurin takawa ɗaya. Makaɗan jita suna kiransa fedar oktef. Tare da ni a situdiyo akwai makaɗin da ya taya mu gwada shi, ga jitarsa a hannu. Kafin na ce komai, ku kasa kunne.

[Jita ita kaɗai, gajeren kari a tsirkiya ɗaya]

[Karin nan dai, an taka feda]

Hannu ɗaya ne, jita ɗaya, tsirkiya ɗaya. Amma a karo na biyu kun ji wata murya mai kauri ta biyo ta ƙarƙashi, tana taka duk inda ta farko ta taka. Aikin akwatin ke nan.

Shi oktef kowa ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Idan mawaƙi namiji ya ba da waƙa da kakkaurar muryarsa, mata 'yan amshi suka karɓa da tasu siririya, karin ɗaya ne, babu wanda ya kauce, sai dai su suna sama shi yana ƙasa. Tazarar da ke tsakaninsu, galibi, ita ce oktef. A lissafi kuwa ninki ne kawai. Tsirkiyar da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa tana ba da sautin da makaɗa ke kira A. In kaɗawar ta ninka ta kai 880, A ɗin ne dai, amma na sama. In ta ragu zuwa 220, A ne na ƙasa. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, ta jitar bes kuwa kusan sau 41. Rabi ke nan. To daga nan dabarar ta taso: in aka sami na'urar da za ta raba kaɗawar jita gida biyu, an sami muryar bes ba tare da an sayi bes ba.

Amma tarihin abin ta sama ya fara. A farkon 1967 a Landan, wani injiniyan sauti mai suna Roger Mayer, wanda a lokacin yake aikin bincike a ƙarƙashin hukumar sojan ruwan Ingila, ya haɗa wa makaɗin jita Jimi Hendrix wani akwati da aka sa wa suna Octavia. Shi ninka sautin yake yi ya cilla shi sama da wata ƙara mai kaifi, kuma da shi Hendrix ya kaɗa tsakiyar waƙarsa Purple Haze. Ta fuskar saukowa ƙasa kuwa, akwatin da ya fi yin suna shi ne OC-2 na kamfanin Boss na ƙasar Japan, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ya fito a 1982.

Akwai kuma wani misali da na tabbata da yawanku kun sani, musamman masu zuwa gidan kallon ƙwallo. Wannan karin da dubban 'yan kallo ke rerawa a filayen Turai in an zura ƙwallo a raga, daga waƙar Seven Nation Army aka ɗauko shi, ta ƙungiyar White Stripes ta birnin Detroit a Amurka, wadda ta fito a 2003. Mutum biyu ne kacal a ƙungiyar, mai jita da mai ganga. Kakkaurar muryar da ke buɗe waƙar, wadda mutane da dama suke ɗauka bes ce, jita ce mai jitar ƙungiyar, Jack White, ya bi da ita ta cikin fedar DigiTech Whammy ya saukar da ita oktef ɗaya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Fedojin manyan kamfanoni suna haura dala 100, wasu ma sun wuce 300. Matashin da ke koyon jita a Kaduna ko Jos ko Damagaram, wanda da ƙyar ya tara kuɗin jitar kanta, ko mai kaɗawa a coci ko a wurin biki inda ba a samu mai bes ba, wannan farashi ya fi ƙarfinsa. Sai ga masana'antun ƙasar Sin sun cika kasuwa da nasu, wasu ba su kai dala 40 ba. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Don mu ji da kunnenmu ne muka sayo ɗaya. Ba za mu faɗi sunan kamfanin ba, domin ba talla muke yi ba, kuma da yawa daga cikinsu tsarin cikinsu ɗaya ne, kwaikwayo ne na waccan OC-2 ta 1982. Maɓallan ma iri ɗaya ne: ɗaya na ainihin muryar jita, ɗaya na oktef guda a ƙasa, ɗaya na oktef biyu a ƙasa.

Mun fara da abin da ya fi sauƙi, sauti ɗai-ɗai a tsakiyar wuyan jita, daga gaɓa ta biyar zuwa ta goma sha biyu.

[Kari a hankali, sauti ɗai-ɗai, muryar ƙasa na biye]

Gaskiya wannan ya burge ni. Muryar ƙasan tana da laushi, a dunƙule take, babu kaifi, kuma ba ta makara ko kaɗan. Da yatsa ya taɓa tsirkiya take fitowa. In ka rage ainihin muryar jita ka ƙara ta oktef ɗaya, za ka iya riƙe gindin waƙa tare da mai ganga har a yi rawa ba a nemi mai bes ba. In kuma ka bar su daidai wa daida, karin da a da yake siriri sai ya cika ɗaki.

Yanzu ku ji abin da ke faruwa in makaɗin ya shafi tsirkiya shida gaba ɗaya.

[An shafi tsirkiyoyi duka, sauti ya rikice yana gurnani]

Kun ji yadda ya dagule. Muryar ƙasan tana tsalle, tana gurnani, ba ta san wa za ta bi ba. A daidai nan ne nake ganin ana yi wa waɗannan fedoji rashin adalci. Mutum ya saya, ya je gida, ya shafi tsirkiyoyinsa yadda ya saba, ya ji wannan hayaniya, sai ya ce an sayar masa da jabu. Alhali ita OC-2 ta asali, wadda masu tara tsofaffin kaya ke biyan kuɗi mai yawa a kanta yau, haka take yi. Halin tsarin ne, ba laifin araha ba.

Bari na bayyana dalili, domin wanda ya gane shi ya gama rabin koyon fedar. Tsarin irin waɗannan fedoji, wanda ake kira analog, ba ya fahimtar kiɗa. Ƙirga kawai yake yi. Yana sauraron kaɗawar tsirkiya, duk kaɗawa biyu sai ya fitar da ɗaya tasa. A maɓalli na uku kuma, duk huɗu ya fitar da ɗaya. Muddin kaɗawa ɗaya ce ke shigo masa, lissafinsa ba ya kuskure. Da tsirkiya biyu sun yi magana tare, kowace da nata saurin, ƙirgar ta ɓace masa. Ko tsirkiya ɗaya ma ba murya ɗaya gare ta ba. Bayan babbar kaɗawarta akwai wasu ƙanana da ke hawa a kanta, ninki biyu, ninki uku, su ne ma ke bambanta muryar jita da ta garaya ko gurmi. In waɗannan ƙananan suka yi ƙarfi, sai fedar ta kama su ta saki babbar, ka ji sautin ya yi sama ya dawo ƙasa. Haka nan in sauti ya fara mutuwa, ƙarshensa yakan karkarye kafin ya yi shiru.

Maganin yana hannun makaɗi. Mun mayar da jitar kan maɗaukin sautin da ke kusa da wuya, wanda ya fi ba da babbar kaɗawar. Mun rage maɓallin kaifi na jikin jitar. Makaɗin ya ajiye ɗan robar kaɗawa ya koma naman yatsa, yana kuma danne sauran tsirkiyoyin da gefen tafinsa don kada su yi motsi. Ku ji bambancin.

[Karin baya, yanzu a tsabtace, muryar ƙasa ba ta tsalle]

Feda ɗaya ce, ba a canja mata komai ba. Na lura da wani abu a tsawon gwajin nan: akwatin ba ya rufa wa kowa asiri. Duk tsirkiyar da ka bari tana ƙara ba da niyya ba, duk yatsan da bai danna sosai ba, zai tona. Ga mai koyo, wannan alheri ne babba, don zai tilasta masa tsabtace hannunsa tun da wuri.

Akwai salon da ba su jitu da shi ba sam, kuma ya shafi makaɗa da yawa a yankinmu. Ina nufin kiɗan jitar Abzinawa, irin na Bombino ɗan Agadas, ko Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008. A wannan salo sau da yawa ana barin wata tsirkiya a buɗe tana ta amo a ƙasa, yatsu kuma suna yawo da kari a samanta. Wannan amon da ba ya yankewa shi ne ran kiɗan, shi ne kuma abin da tsarin analog ba ya iya ɗauka. Mun gwada, bai yi ba. Mai wannan salo, in yana son oktef, sai ya nemi na dijital, irin fedar POG da kamfanin Electro-Harmonix na birnin New York ya fitar a 2005. Su na dijital suna iya bin tsirkiyoyi da yawa lokaci guda, suna kuma ba da oktef na sama, har jita ta yi amo irin na mai tsirkiya goma sha biyu. Akwai masu araha a cikinsu. Sai dai sukan ɗan makara kaɗan bayan yatsa, muryarsu kuma takan yi ƙarfe-ƙarfe.

Maɓalli na uku, na oktef biyu a ƙasa, ba zan daɗe a kansa ba. In ka raba 82 gida huɗu za ka tashi da kusan 20, wato daidai iyakar abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. A tsirkiyoyi masu kauri ruri kawai yake ƙarawa. A sirara yana da ɗan amfani, in an sa shi kaɗan.

To ina arahar ta nuna kanta? A jiki. Gangar jikin tamu ta roba ce, ba ƙarfe ba, kuma abu ne da ake takawa da ƙafa a tsakiyar kiɗa, wani lokaci da ƙarfi. Ramin da waya ke shiga yana ɗan motsi. Maɓallan ba su da nauyi a hannu, kuma irin waɗannan su ne ƙurar hunturu ke saurin shiga, su fara ƙara in an murɗa. Wanda zai ajiye ta a ɗaki ko a coci, ya rufe ta da ƙyalle in ya gama, za ta yi masa shekaru. Wanda zai riƙa ɗaure ta a bayan babur daga wannan biki zuwa wancan, ya nema mata jaka mai kauri, ya kuma san inda mai gyaran rediyo yake, don sake liƙa waya a cikinta ba aiki ne mai wuya ba.

Batun wuta kuma ina roƙon ku saurare shi da kyau, don a nan ake asarar kuɗi. Waɗannan fedoji wutar bolt 9 suke ci, kuma a yawancinsu tsakiyar bakin adaftar shi ne ɓangaren da ke da alamar ragewa. Adaftar dikoda ko ta na'urar intanet da ke gida galibi bolt 12 ce, tsakiyarta kuma alamar ƙari. Bakin yakan shiga daidai, wannan ne tarkon. Kana sawa kana iya ƙone fedar nan take. A duba zanen da ke jikin kowanne kafin a haɗa. Sannan wutar layi a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato cikin yankin da muryar oktef ɗin ke zaune. Adafta marar kyau takan shigo da wannan ruri cikin sauti, balle in janareta ne ke aiki. Da muka sa batir mai bolt 9, rurin ya ɗauke. Tsarin analog ba ya cin wuta da yawa, don haka batir yana ɗan jimawa, in dai ana zare wayar jita daga fedar bayan an gama, domin barin ta a ciki yana shanye shi. Ni a ganina, wanda ya sami rangwame a kuɗin feda ya zuba wani abu daga ciki a adafta mai kyau.

A jerin fedoji, ita ce za ta fara karɓar sauti daga jita, kafin duk wata mai ƙara ruri ko amsa-kuwwa, don tana bukatar sautin a tsabtace. A kula da lasifika kuma. Ƙaramin amfilifaya na koyon jita ba a yi shi don kaɗawa 41 ba. In aka matsa masa, lasifikar za ta fara ɓarɓarwa, daga nan sai yagewa. In akwai amfilifayar bes ko manyan lasifikan taro, can ya dace a kai muryar.

Shin za ta maye gurbin mai bes? A'a, kuma ba na so wani ya sallami abokin kiɗansa saboda shirin nan. Mai bes yana da nasa karin daban, yana tafiya inda jita ba ta je ba, yana hira da mai ganga. Ita feda bin sawu kawai ta iya. Amma ga mutum biyu ko uku da ke haɗa kiɗa ba su da na huɗu, ko mai ɗaukar waƙoƙinsa shi kaɗai a ɗaki, da babu gara ba daɗi, kuma abin da muka ji yau ya wuce ba daɗi nesa ba kusa ba.

Wanda zai je saye, ya tafi shago da jitarsa da wayarsa, kada ya yarda da gwajin mai shago kaɗai. Ya kaɗa sauti ɗai-ɗai daga gaɓa ta biyar zuwa sama, ya riƙe kowanne har ya mutu don ya ji inda yake karyewa. Ya taka fedar sau da yawa ya ji ko tana ƙara a lasifika, ya girgiza wayar a raminta, ya kuma kashe ta ya tabbata muryar jitarsa ba ta dushe ba.

Makaɗinmu zai fitar da mu da wani kari nasa, oktef ɗaya a ƙasa, tare da ganga.

[Jita da feda da ganga, har ƙarshen shiri]